Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Wasanni Ta Jihar Kano Kan Magabatan Damben Gauraye

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya tare da dukkan ma'aikatan hukumarka, na zaɓi in rubuto maka wannan takarda a bainar jama'a ne saboda maganar da ke cikinta ta shafi iyayen yara da masu gidajen dambe da masu horar da matasa, kamar yadda ta shafi ofishinka. Ni tsohon ɗan wasan judo ne, haifaffen birnin nan, kuma har yau ina tara yaran unguwa da yamma in koya musu yadda ake faɗuwa ba tare da an ji ciwo ba, domin wannan shi ne darasin farko da malamaina suka fara koya mini kafin su yarda in kama rigar kowa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a wani lungu kusa da gidana. Wasu samari biyu, abokan juna, waɗanda ba su wuce shekara 15 ba, suna gwada abin da suka gani a waya, sai ɗayan ya zagayo ta bayan ɗan'uwansa ya saƙalo wuyansa da hannu ya matse. Wanda aka shaƙe ya yi ta bubbuga cinyar mai shaƙar da tafin hannu, shi kuwa ya ɗauka ramuwa ake yi, sai ya ƙara matsawa har yaron ya sulale ya faɗi a kan siminti. Allah Ya kiyaye, an yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, kuma da aka kai shi asibiti ba a sami wata illa mai tsanani ba. Bayan hankali ya kwanta na zaunar da su na tambaye su wa suka sani a wannan wasa. Nan take suka jero mini Khabib da Kamaru Usman da Israel Adesanya da Francis Ngannou, har da ranakun karawarsu. Da na tambaye su ma'anar bubbugawar nan da tafin hannu, wadda ita ce alamar sallamawa da neman a saki, da kuma su waye suka sha wahala kafin ta zama doka wadda babu mai tsallake ta, babu wanda ya iya ba ni amsa. Sun ɗauko shaƙar daga waya, amma sun baro ladabin da ke tafiya tare da ita.

Wasan da nake magana a kai shi ne gaurayen dambe da kokawa da shuri, wanda duniya ta sani da MMA, ni kuma zan kira shi damben gauraye. Ya riga ya shigo Kano ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Yana cikin wayoyin 'ya'yanmu, kuma duk ranar da za a yi babbar karawa a Amurka akwai matasan da ba sa barci, saboda lokacin yakan zo mana ne gab da asuba. Roƙona shi ne hukumarka ta dubi tarihin mutanen da suka kafa wannan wasa, domin a cikinsa akwai kusan duk abin da muke bukata mu sani game da abin da ke tunkaro mu, da kuma abin da damben gargajiyarmu ke bin mu bashi.

Tushen abin yana Japan. A shekarar 1882 wani malami mai suna Jigoro Kano, wanda sunansa ya zo daidai da na birninmu ko da yake babu wata dangantaka, ya buɗe makarantar Kodokan ya tace tsofaffin dabarun faɗa ya fitar da judo, ya ajiye waɗanda ke kisa a gefe domin ɗalibai su iya gwada ƙarfinsu kullum ba tare da sun nakasa juna ba. Ɗaya daga cikin ɗaliban makarantar, Mitsuyo Maeda, ya zaga duniya yana karawa da 'yan dambe da 'yan kokawa, har ya sauka a Barazil a 1914. A garin Belem ne ya koyar da wani saurayi mai suna Carlos Gracie, wanda ya buɗe tasa makarantar a Riyo a 1925, ya kuma jawo ƙannensa ciki. Ƙaraminsu, Helio, ba shi da jiki, don haka ya mayar da hankali ga kokawar ƙasa, inda dabara da haƙuri ke cin ƙarfi. Zuriyar nan ta yi shekaru tana gayyatar duk mai jin kansa ya zo a gwada, a irin karawar da mutanen Barazil ke kira bale tudo, wato komai ya halatta.

Akwai karawa guda daga wancan zamani da nake son in daɗe a kanta, domin ita nake ba yarana labari fiye da kowace. A watan Oktoba na 1951, a filin wasa na Marakana, Helio Gracie ya fuskanci Masahiko Kimura, wanda yake cikin manyan gwanayen judo da Japan ta taɓa fitarwa, kuma ya fi Helio nauyi nesa ba kusa ba. Kimura ya yi ta maka shi da ƙasa, daga ƙarshe ya kama hannunsa ya murɗe shi ta baya. Helio ya ƙi sallamawa har hannun ya karye, sai yayansa Carlos ya jefa tawul cikin fili aka tsayar da wasan. Abubuwa biyu suka fito daga wannan dare. Na farko, mutanen Gracie ba su ɓoye kayen da aka yi musu ba, sai ma suka raɗa wa wannan murɗiyar sunan wanda ya kayar da su, har yau a makarantun damben gauraye a duniya kimura ake ce mata. Na biyu, an ga a fili cewa jarumi ba ya iya tsayar da kansa idan zuciya ta ɗebe shi, dole sai an sami wani a gefe wanda yake ƙaunarsa fiye da yadda yake ƙaunar nasara. Duk dokokin da suka zo daga baya, a ganina, faɗaɗa aikin Carlos ne na wannan dare.

Dattawanmu da suka bi labarin Muhammad Ali a rediyo za su tuna cewa a ranar 26 ga Yuni, 1976, ya je Tokiyo ya kara da ɗan kokawa Antonio Inoki. An yi turmi 15, Inoki ya kwanta rigingine kusan tsawon wasan yana shurin ƙafafun Ali, aka tashi babu wanda ya yi nasara, 'yan kallo suka fusata, Ali kuma ya koma gida da ƙafafu a kumbure har sai da ya kwanta asibiti. Wasan bai yi daɗin kallo ba, amma ya nuna cewa haɗa sana'o'i biyu a fili ɗaya ba tare da ƙa'idar da ta yi wa kowa adalci ba ɓata lokaci ne da jawo rauni. Almajiran Inoki ne suka ci gaba da neman wannan ƙa'ida: Satoru Sayama ya kafa ƙungiyar Shooto a 1985, Masakatsu Funaki da Minoru Suzuki suka kafa ƙungiyar Pancrase a 1993.

A wannan shekarar ce dai, ranar 12 ga Nuwamba, 1993, a birnin Denba na Amurka, Rorion Gracie ɗan Helio da wani ɗan kasuwa mai suna Art Davie suka shirya gasar farko ta UFC, kamfanin da ya zama mafi girma a damben gauraye. Mutum takwas aka zuba a keji mai kusurwa takwas, babu ajin nauyi, babu alƙalan ba da maki, kuma ba a tilasta wa kowa sanya safar hannu ba. A karawar farko Gerard Gordeau ɗan ƙasar Holan ya shuri ɗan kokawar sumo Teila Tuli a fuska har haƙorinsa ya fita. Ɗan damben boksin Art Jimmerson ya shigo da safa a hannu ɗaya kawai. Zuriyar Gracie kuwa da gangan suka tura Royce, siririn saurayi mai nauyin kilo 80 ko kusa da haka, cikin farar rigarsa, domin kada a ce ƙarfi ne ya yi aiki. Ya sa Jimmerson ya sallama, ya shaƙe Ken Shamrock, ya shaƙe Gordeau, duka ukun cikin kimanin minti biyar idan aka haɗa, ya tafi da dala 50,000. Daga wannan dare duk mai koyar da faɗa a duniya ya gane cewa wanda bai iya ƙasa ba bai gama koyo ba.

Amma nasarar Royce ba ta zama ƙarshen ilimi ba, kuma wannan shi ne abin da ya raya wasan. 'Yan kokawar Amurka irin su Dan Severn da Mark Coleman suka zo suka nuna cewa wanda ya iya kayarwa shi ke zaɓen inda za a yi faɗan, har Coleman ya zama zakaran ajin masu nauyi na farko a 1997. A cikin shekarar nan Maurice Smith, gwanin naushi da shuri wanda ya koyi kare kansa a ƙasa, ya ƙwace kambun daga hannunsa. A Japan kuma, inda gasar Pride ta fara a 1997, Kazushi Sakuraba ya kara da Royce a watan Mayu na 2000 har tsawon minti 90, sai da 'yan'uwan Royce suka jefa tawul kamar yadda aka yi wa mahaifinsu. Kowane gwani ya zama malamin wanda ya kayar, wanda aka kayar kuma ya koma ya yi karatu ya dawo. Da haka sana'o'i da yawa suka narke suka zama sana'a ɗaya.

Ranka ya daɗe, a nan ne maganar ta iso ƙofar ofishinka, domin magabatan da suka fi ceton wannan wasa ba duka ne suka taɓa kai naushi a keji ba. A 1996 Sanata John McCain ya kalli faifan gasar ya kira ta faɗan zakaru da ake yi da mutane, ya rubuta wa gwamnonin jihohin Amurka 50 yana neman su hana ta, kuma jihohi 36 suka haramta. Kamfanonin talabijin suka janye, kuɗi ya ƙafe, wasan ya kai gargara. Ba na ganin laifin sanatan, domin abin da ya gani a faifan ya cancanci a ƙi shi. Waɗanda suka amsa masa da aiki su ne mutane irin su John McCarthy, ɗan sanda daga Los Anjalis wanda ya fara alƙalanci a gasa ta biyu. A lokacin alƙali ba shi da ikon tsayar da wasa sai ɗan wasa ya sallama ko mutanensa sun jefa tawul, kuma da McCarthy ya ga ana dukan wanda ya riga ya fita hayyacinsa mutanensa na tsaye suna kallo, sai ya ce ba zai sake shiga keji ba sai an ba shi wannan iko, aka kuwa ba shi. Tare da shi akwai Jeff Blatnick, wanda ya ci zinare a kokawa a gasar Olamfik ta 1984, shi ne ya dage a daina tallata abin a matsayin faɗan da babu doka, a kira shi da sunan da ake kiransa yau, ya kuma yi ta zama da hukumomin wasanni na jihohi yana rubuta ƙa'idoji. A 1997 aka raba ajin nauyi aka wajabta safar hannu, a 1999 aka kawo turmi na minti biyar biyar da alƙalan maki, sannan hukumar wasanni ta jihar Niyu Jasi ta tattara dokoki bai ɗaya a 2001, waɗanda suka haramta tunkuyi da kai da tsokane ido da dukan ƙeya da dukan al'aura, suka kuma wajabta gwajin likita.

Ina roƙon ka lura da jerin abubuwan. Doka ce ta fara zuwa, kuɗi ya biyo bayanta. A farkon 2001 'yan'uwa biyu, Lorenzo da Frank Fertitta, tare da Dana White, suka sayi UFC a kan dala miliyan 2, suka yi shekaru suna asara, sai a watan Afrilu na 2005 karawar Forrest Griffin da Stephan Bonnar da aka nuna kyauta a talabijin ta jawo musu jama'ar da ba su taɓa samu ba. A 2016 aka sayar da kamfanin a kan kusan dala biliyan 4, kuma a shekarar ce jihar Niyu Yok, wadda ita ce ta ƙarshe, ta halatta wasan. Da hukumar wasanni ta wata jiha guda ba ta zauna ta yi aikin takarda ba, da babu filin da Kamaru Usman, haifaffen Auchi, zai ci kambun duniya a watan Maris na 2019, ko Adesanya haifaffen Legas ya zama cikakken zakara a watan Oktoban shekarar, ko Ngannou ya taso daga ramin haƙar yashi na ƙauyen Batie a ƙasar Kamaru ya zama zakaran masu nauyi a 2021. Usman ma ta ƙofar kokawar makaranta ya shiga, a ƙarƙashin masu horarwa da alƙalai, shekaru kafin ya taɓa sanya safar keji.

Akwai kuma ɓangaren da yaranmu ba sa gani a waya, kuma shi ya fi taɓa mini zuciya. Mutanen farko sun yi wasa sau biyu ko uku ko ma huɗu a dare ɗaya, a lokacin da babu wanda ya damu da abin da duka ke yi wa ƙwaƙwalwa. Gary Goodridge, wanda ya yi suna a UFC da Pride, ya fito da kansa ya bayyana cewa likitoci sun same shi da ciwon mantuwa irin wanda yawan dukan kai ke jawowa. Kevin Randleman, tsohon zakaran masu nauyi, ya rasu a 2016 yana da shekara 44. Bonnar, wanda karawarsa ta buɗe wa kamfanin ƙofar arziki, ya rasu a ƙarshen 2022, Jimmerson da Tuli na daren farko kuma duka sun rasu a 2024. Gaskiya ne kamfanin ya buɗe zauren karrama gwanaye a 2003, ya fara da Royce Gracie da Ken Shamrock, daga baya ya ware sashe na musamman domin magabata. Gaskiya ne kuma wasu 'yan wasa sun kai ƙara kotu a kan ƙarancin abin da ake biyan su, aka sasanta a kan dala miliyan 375, sai dai wannan kuɗi na waɗanda suka yi wasa daga ƙarshen 2010 zuwa 2017 ne, bai kai ga waɗanda suka zubar da haƙora a 1993 ba. Lambar girma abu ne mai kyau, amma ba ta sayen magani.

Idan na juyo gida, sai in ga mu ma muna da magabata, kuma namu sun girmi na keji da ƙarnoni. Tun kafin a haifi Maeda, rundawa ke naɗe hannu da zare bayan kaka suna bin garuruwa, hannu ɗaya mashi ɗaya garkuwa, kalangu na tashi, kuma tun asali wasan yana da ƙa'idarsa: turmi uku ne, kuma da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare, babu bin wanda ya faɗi da duka. Abin da McCarthy ya yi ta jayayya a kai a Amurka, kakanninmu sun daɗe da yanke shi. Haka nan kokawarmu, da bayan mutum ya taɓa ƙasa magana ta ƙare. Muna kuma da wata al'ada wadda ban san wani wasa da ya fi mu ita ba, wato ɗan dambe ya ɗauki sunan ubangidansa ya zama shagon wane ko autan wane ko bahagon wane, ta yadda duk lokacin da aka kira shi fili an ambaci wanda ya koya masa. Wanda ya je dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari da yamma zai ji wannan salsala tana fita daga bakin mai sanarwa, tsakanin ɓangarorin dambe na Kudu da Arewa da Guramada da Jamus.

To amma me muka adana? Yawancinmu abin da muka sani game da Shago da Ɗandunawa daga bakin Ɗan Anace muka ji shi, kuma ba don makaɗin ba da sunayen sun bi iska kamar na ɗaruruwan da ba a yi musu waƙa ba. Mutumin Barazil zai gaya maka ranar da aka karya hannun Helio da filin da aka yi, mu kuwa sau da yawa sai dai mu ce a zamanin wane ne. Na san tsofaffin 'yan dambe a birnin nan waɗanda a da idan suka shigo fili mata ke rangaɗa guɗa, yau hannun da ya yi musu suna yana karkarwa, wani idonsa ɗaya ya tafi, wani sai an maimaita masa magana sau uku. Wasunsu suna zaune a bakin kwata suna jiran abin da tsofaffin yaransu za su miƙo musu. Yanzu da masu kyamara daga ciki da wajen ƙasa suka gano dambe suna watsa shi a intanet ga miliyoyin masu kallo, muna tsaye ne daidai inda Amurka ta tsaya kafin kuɗi ya shigo, kuma muna da damar da su ba su samu ba, ta ganin abin da ya sami magabatan wasu kafin ya sami namu.

Ba zan tsallake maganar addini ba, domin a Kano muke. Hadisi ya tabbata a kan hana dukan fuska, kuma malamai da yawa sun dogara da shi sun ƙi damben da ake nufin kai da fuska, yayin da kokawa take da asali a karawar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da Rukana. Ni ba malami ba ne, kuma ba na neman hukumarka ta yi fatawa. Abin da nake cewa shi ne a gayyaci malamai su zauna a teburin tun farko, kuma a lura cewa rabin wannan wasa kokawa ce da kamu da kayarwa, waɗanda ana iya koyar da su har a yi gasarsu ba tare da an taɓa fuskar kowa ba. Khabib da yaranmu ke ƙauna da kokawa da judo ya tashi a hannun mahaifinsa Abdulmanap a Dagistan, kuma da mahaifin ya rasu a 2020 ya yi wasa ɗaya ya ajiye sana'ar bayan nasara 29 babu faɗuwa, saboda alkawarin da ya yi wa mahaifiyarsa. Wannan ɓangaren na labarinsa ya kamata yaranmu su haddace kafin shaƙarsa.

Saboda haka ina roƙon hukumarka ta fara da sanin su waye ke koyar da wannan wasa a Kano, a ina, kuma wa ya koya musu, domin a yanzu duk wanda ya sayi safa biyu ya sami ɗaki yana iya kiran kansa mai horarwa. A kira su tare da malaman judo da na kokawa da na boksin da shugabannin dambe a rubuta ƙa'ida a harshen Hausa, gajera wadda kowa zai iya karantawa: kada a haɗa mutum da wanda ya fi shi nauyi nesa, kada a yi karawa babu ma'aikacin lafiya a bakin fili, wanda aka sumar ya huta na tsawon lokacin da likita ya yanka kafin ya dawo, yaran da ba su balaga ba kuma su tsaya ga kokawa da kamu a kan katifa. Sama da komai a horar da alƙalai a ba su ikon tsayar da wasa ko da 'yan kallo da masu kuɗi za su yi ihu. Muna da asibitin ƙashi na Dala da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano a cikin gari, kuma na tabbata ba za a rasa likitocin da za su ba da shawara a kan raunin kai da na gaɓoɓi ba idan an nemi su.

Roƙona na biyu ya fi gaggawa, domin shi ba ya jira. A tura matasa da na'urar ɗaukar murya da hoto su zauna da tsofaffin 'yan dambe da 'yan kokawa da makaɗansu, a tambaye su wa ya ɗaura musu zare, da wa suka kara, a wane gari, a wace shekara, a rubuta salsalar kowane ɓangare tun masu ita suna da rai. Sashen nazarin harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero ya san wannan aiki, kuma Gidan Makama wuri ne da ya dace a ajiye zare da kalangu da hotunan waɗannan mutane inda ɗalibai za su gan su. Tare da wannan, a zauna da masu gidajen dambe a amince da wani ɗan kaso daga kuɗin ƙofa da kuɗin masu ɗaukar hoto wanda zai riƙa shiga asusun jinyar tsofaffi da waɗanda suka ji rauni, a ƙarƙashin amintattun da 'yan damben suka zaɓa da kansu. Duk kamfanin da zai ɗauki ɗan wasa kuma a karanta wa ɗan wasan yarjejeniyar da Hausa a gaban shaida kafin ya dangwala hannu, domin da yawa daga cikinsu ba su yi karatun boko mai zurfi ba.

Yaran nan biyu yanzu suna zuwa wurina da yamma. Na sa su sun yi mako biyu ba su koyi komai ba sai faɗuwa da bubbugawa da saki, kuma na ba su labarin Carlos da tawul ɗinsa har sun iya ba da shi da kansu. Amma ni mutum ɗaya ne mai katifa shida, birnin kuwa ya cika da irinsu. Ina da sunayen tsofaffin 'yan dambe da 'yan kokawa goma sha ɗaya da na san gidajensu a cikin Kano, biyu daga cikinsu suna kwance ba lafiya, kuma a shirye nake in raka duk wanda hukumarka za ta wakilta zuwa wurinsu. Ina fatan a sa mana rana kafin kaka ta shigo fagen dambe ya cika.

Allah Ya taimake ka a kan wannan aiki, Ya ba ka mashawarta nagari.

Wassalam,
Naka mai biyayya,
Tsohon ɗan wasan judo kuma mai horar da yara, cikin birnin Kano.